Kunnuwan Jitar Batata

…kuma ga ta nan Sikazwe mai gyaran rediyo ya kwantar da ita rigingine a kan teburin gyaransa, Batata, babana. Jitarka. Tsakanin matattun rediyoyi da wata fanka mara kai. Ya dai shimfiɗa mata tsohon tawul, ya kyauta. Ni kuma ina kan benci, hannuwana a cinya, kamar wadda ta kawo mara lafiya asibiti. Zaman me nake yi? Da na bar musu na koma rumfata, gwanjona na can a baje, maƙwabciya ke duba min. Ƙafar ta ƙi tashi.

Zafi. Kwanon rufin kasuwar Chisokone kamar zai narke a kanmu.

Wancan mai farar rigar shi ne mai saye. Mista Moodley, daga Durban. Jikarka Chisala ce ta sa hoton jitar a waya, wai ƙawayenta su ga kakanta ɗan gaye ne a zamaninsa — ba ka san ta ba, Batata, goshinka ta ɗauko sak — sai ga mutum ya hau jirgi ya taho har Kitwe. Saboda abin da ya kusa shekara talatin a saman kabad ɗina, naɗe cikin tsohon zanen Bamayo, mahaifiyata, gizo-gizo na saƙa a kai.

Ya ƙwanƙwasa jikinta da yatsa ɗazu, ya girgiza kai. Wai katakon ba na asali ba ne. Ai na sani. Wa zai faɗa min? Ina ƙarama babbar motar da ta ɗauko ku daga wasa ta kife a hanyar Kabwe, ka dawo gida da karyayyen haƙarƙari, jitar kuma gida biyu, kuma ita ka yi wa kuka ba haƙarƙarin ba. Wani kafinta a Wusakile ya sassaƙa mata sabon jiki. Wuyan ma an sake. Abin da ya rage daga ranar da ka saye ta a hannun Baturen ma'adinan nan mai komawa ƙasarsu, ƙarfuna biyun nan ne kawai da ke kwance ƙarƙashin tsirkiya.

"Su nake so, Mama. Fikof ɗin nan biyu."

"Fikof? Ni fikof ɗin da na sani gawayi take ɗauka."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Wai an yi su tun kafin a haife ni, da hannu aka naɗa wayar cikinsu, irinsu sun ƙare a duniya, akwai masu nema a ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba…

Kai kuwa kunnuwa kake ce musu. Kana zaune a dokin ƙofa, singileti, ƙafa ba takalmi, ka kamo yatsana ka ɗora a kan ƙarfen mai sanyi. Kunnuwanta ke nan, Nsofwa. Tsirkiya ta yi raɗa, su ji, su kai wa lasifika gulma. Na ce to ina bakinta? Ka ce ni ne bakinta.

Kunnuwan zan yanke in sayar. Haka ne ko ba haka ba?

Na ma taho da toka da rabin lemon tsami a jakata. Kunya nake ji, duk sun yi tsatsa, sun yi kore-kore a gefe, ya za a yi in miƙa wa baƙo abu da dauɗa? Ina fito da tsumma ya yi tsalle kamar na zaro wuƙa.

"Kar ki goge! Don girman Allah, Mama, kar ki taɓa!"

Wai tsatsar ita ce shaida. Gumin mai ita ne ya ci ƙarfen, shekara da shekaru. Ya nuna min wani ɗan gurbi a gefe inda farin ya goge har ja ya fito: nan ƙaramin yatsansa ke zama, kin gani? Wannan ba a iya ƙirƙirarsa. Wannan ake biya.

Guminka, Batata.

Gumin da nake matse zanen gado saboda shi, in shanya, in sake shimfiɗawa, kafin rana ta yi tsaka ya sake jiƙewa. Ina 'yar makaranta. Bamayo na kasuwa tana nema mana abin sa wa a baki, ni ke juya ka, ni ke goge maka baya, ƙasusuwanka kamar tsinken tsintsiya a tafina. Kofinka daban. Cokalinka daban, an ɗaura masa jan zare. Ƙanwarka Chilombo ta zo dubiya ta tsaya a bakin ƙofa, gefen zane a hanci, ba ta shigo ba. Ciwon nan da ba a kiran sunansa a lokacin, sai dai a ce wane ya rame, a kau da kai. Bayan an binne ka suka tara rigunanka a bayan gida — jar rigar nan mai ƙyalli, wandon mai faɗin ƙafa — suka zuba kananzir. Da sanda suke ɗagawa. Da sanda!

Yau ga mutum ya tsallako ƙasashe, yana roƙona kar in goge.

Dariya zan yi ko me?

Kuma wutar ba ta hana su kwashe gidan ba. Gado, kujeru, keken ɗinkin Bamayo, akwatin lasifikarka, har tukunyar da muke tuƙa nshima, tuwonmu na masara. Dangin uba. Chilombo na tsaye tana nuni da baki, wannan, da wancan. Jitar kaɗai suka tsallake. Ku huɗu ne a ƙungiyar, kuka bi juna lahira ɗaya bayan ɗaya, mai ganga, mai babbar jita, mawaƙin, sannan kai, sai aka ce abin a cikin jitar yake. Wai da jini ka saye ta. Ba wanda ya yarda ya kai mata hannu. Gadona ke nan, abin da tsoro ya bari.

Me Sikazwe ke yi? Sabbin tsirkiya yake ɗaurawa. Wai sai an gwada, mai saye ba zai biya kuɗin gawa ba. Yana jawo wani akwatin lasifika daga ƙarƙashin tebur, yana hure ƙura, yana soka waya…

Wannan gurnanin.

Wayyo. Wannan gurnanin, tun kafin a taɓa komai, kamar ƙudan zuma a cikin bango — shi ke tashina ranar Asabar, shi ke gaya min kana gida, ba ka tafi Ndola ba, ba ka tafi Chingola ba, yau akwai nama. Na manta da shi. Ya aka yi na manta? Tun da suka ɗauke akwatinka ban sake jona ta da wuta ba, ko sau ɗaya, ban ma yi tunanin ana iyawa ba. Ina ɗauka ta mutu tare da kai.

Moodley ya ɗora ta a cinya. Ba haka kake riƙe ta ba, kai ƙasa-ƙasa kake sakinta har gwiwa. Ya ja yatsa.

Batata.

Kai ne. Kai ne, wallahi. Ba waƙarka ba ce, wani abu ne nasu na can, hannunsa ma sanyi gare shi, amma muryar… wannan dishi-dishin a ƙasa, kamar mai magana bayan ya sha kuka. Gashin jikina duk ya tashi. Mai tuyar fanke a rumfar gaba ta tsaya da matsami a hannu. Sikazwe ya cire tabarau.

"Maman Chisala, kin ga wannan? Da ita aka yaudari matata ta aure ni. A zauren 'yan ma'adinai, babanki na kiɗa, ta ɗauka ni ma wani abu ne. Har yau ba ta yafe masa ba."

Suna dariya. Ni ma bakina ya buɗe, ban san me ya fito ba.

Ashe kana nan. Duk shekarun nan kana saman kabad, kana jira a kawo waya, ni kuma ina ƙasa ina ninke kayan mutanen da ban sani ba. Ranar da zan ji ka ita ce ranar da…

In ce a bari. Yanzu. Kalma ɗaya ce. Ya koma Durban ɗinsa, in nemi ɗan akwatin lasifika ko na hannu ne, in kai gida, Chisala ta koya, yatsunta dogaye ne…

Dutsen fa?

Bamayo, bara, a Mporokoso, a ɗakin yayarta, ta riƙe min wuyan hannu da ƙarfin da ban san ta rage da shi ba. Ki sa wa babanki dutse a kabari, Nsofwa. Yawo yake yi. Mutumin da ba a rubuta sunansa ba bai san inda zai kwanta ba. Na ce to, Bamayo, don ta saki hannuna. Amma tun da aka rufe ta nake ganinka a mafarki, a bakin rumfata, cikin jar rigar da suka ƙona, ba ka cewa komai, kana dube-dube kamar wanda ya sauka a tashar da ba tasa ba. Gwanjo ba ya sayen dutse. Haya, makarantar yarinya, shi ke nan ya ƙare. Na riga na je wurin mai sassaƙa, na ga wani baƙin dutse mai sheƙi, na shafa shi. Za a rubuta sunanka, KAPAMBWE, da manyan baƙaƙe, da ɗan zanen jita a ƙasa.

Wanne kake so, Batata? Murya ko makwanci? Ka faɗa mana. Kai da ba ka taɓa yin shiru ba…

An zare wayar. Gurnanin ya ɗauke.

Ban ce a bari ba. Shi ke nan, ban ce ba.

Sukundireba. Kusoshin sun ciza, sai da ya ɗiga musu mai. Warin dalma, ɗan hayaƙi siriri yana miƙewa. Waya ɗaya ta saki. Ta biyu. Ya ɗago na farko da yatsu biyu, a hankali, wayar na reto a ƙasansa kamar cibiya. Ƙanƙane ne ashe. Bai kai akwatin ashana biyu ba. Moodley ya shimfiɗa auduga a wani ɗan gwangwani. Zai kula da su, na ga alama. Zai fi mu.

Wayata ta yi motsi a ƙugu. Kuɗin ne. Ba zan duba ba.

"In sa miki sababbi, Maman Chisala? Akwai masu araha. Za ta yi ƙara dai."

Wata rana, Sikazwe. Wata rana.

Ramuka biyu a ƙirjinta. Na naɗe ta da sauri kada in gani. Ta yi sauƙi ne, ko hannuna ne ya mutu?

Ƙaramar bas, an cusa mu kamar kifi a kwando. Kwandasta na bubbuga rufi. "Mama, wannan ma fasinja ce, a biya mata!" A cinyata take, ɗan nan, bar ni. "To a kaɗa mana ko ɗaya, mu rage hanya." Ana ta dariya. Ba gida zan je ba. Wurinka zan zo, maƙabarta, in gaya maka da bakina abin da na yi, in auna wurin da tafin ƙafa don mai sassaƙa. Rabona da zuwa tun ƙafafun Bamayo na ɗaukarta, ita a gaba da fartanya, ni a baya da galan ɗin ruwa. Hanyar a kaina take: ka shiga, ka bi hagu, har babbar bishiyar nan, kana gabas da ita, ƙaramin allon ƙarfe mai lamba a wajen kanka.

Hagu. Na bi hagu.

Ina bishiyar?

Nan take. Nan ce mana… ko can gaba? Kututture ga shi, ga wani, ga wani can, duk baƙaƙe, masu gawayi sun wuce ta nan. Ciyawa har ƙugu. Allunan ƙarfen babu ko ɗaya, an tsince su an kai wa masu awon ƙarfe. Tudu, tudu, tudu, damina ta lallatse su duk sun zama ɗaya, wasu ma sun lotsa ciki. Duk na shekarun can ne, lokacin da ake haƙa rami tun kafin a kawo gawa. Layi bayan layi. Mai gangarku na nan. Mawaƙin ma.

Wannan? Akwai fasasshen kofi a kai. Mu ba mu ajiye kofi ba. Ko Bamayo ta ajiye daga baya?

Wani dattijo na yankan ciyawa can, ya miƙe yana kallona da abu a rungume kamar jariri.

"Kin ɓatar da naki ko, Mama? Zaɓi ɗaya kawai ki sa. Haka kowa ke yi yanzu. Ba mai tashi ya ce ba shi ba ne."

Ya koma ga laujensa.

Bamayo ta tafi. Chilombo ta tafi, ita da ma ba ta taɓa takowa ba. Duk duniyar nan ni kaɗai na rage da ya kamata in sani, Batata, kuma ban sani ba. In sa sunanka a kan wani, shi ya kwanta da shi, kai ka ci gaba da…

Bari in zauna a gefen wannan tudun tukuna. Ƙasar da ɗumi. Kaɗan kawai, in huta.

Sannu, bawan Allah, ko kai wane ne. Matsa min.