Watan Almakashi

"Ajiye shi," in ji Mai Keke, ba tare da ta ɗaga ido daga allurar da take faman zura wa zare ba. "Ko kurma ya ji ƙararsa."

Matar Direba ta mayar da almakashin kan tebur a hankali, kamar wadda aka kama da hannu a tukunyar surukarta.

"Iya, zare fa kawai zan yanke."

"Haƙoranki hutu suka tafi? Sarkin gaggawa! Almakashi yana da watansa, kuma watan bai kama ba."

Tsohuwar ta yi dariya, dariyar ta rikiɗe ta zama tari, tarin kuma ya daɗe bai sake ta ba. Matar Direba ta tashi ta dafa mata baya. A ƙarƙashin tafin hannunta ta ji ƙasusuwan da a farkon shekara nama ya rufe.

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. Tun kafin a haifi Matar Direba tsohuwar take ɗinki a wannan ɗaki, har unguwa ta manta sunanta ta bar mata na keken ɗinkinta. Da motar haya ta kife da Direba, ya dawo gida da ƙafar da ba za ta sake taka birki ba, sai matarsa ta zagayo ta durƙusa ta roƙi a koya mata sana'a, domin ga yara ga majinyaci, kuma babu mai shigowa da komai. Mai Keke ta karɓe ta, amma bisa tsarinta.

Tsarin yana jikin bango. Ƙusoshi goma sha biyu ne a jere sama da keken, kowace da ƙullin da aka rataya mata. A farkon kowace shekara tsohuwar takan rufe ƙofa ta yanke dukan abin da ta ƙudurta za ta ɗinka wa kanta da jikokinta, ta ɗaure na kowane wata daban. Bana sai ta jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya saboda ɗalibarta: rigar matashin kai, sannan siket, sannan aljihu, da zif, da gidan maɓalli, har a kai ga wuyan riga da hannu da shafin ciki. Duk a yanke suke, aikin ɗaliba haɗawa ne kawai. Ƙusar ƙarshe ce kaɗai ke ɗauke da yadin da ƙarfe bai taɓa ba, shuɗi mai ƙananan furanni.

"Ɗinki in ya karkace ana lallashinsa ya miƙe," takan ce. "Yanka in ya ɓaci sai dai a yi wa mai yadi jaje. Haka aka koya mini, ban kuma ga ya kashe ni ba."

Yanzu suna ƙusa ta bakwai, kuma Matar Direba tana ɗauke da wata magana da ta fi ta nauyi. 'Yar tsohuwar, wadda ke aure a wani gari, ta zo ta kai uwarta asibiti. Da za ta koma, ta ja Matar Direba bayan ƙofa ta riƙe mata hannu.

"Ƙanwata, likita ya ce mu mayar da ita gida mu riƙa ba ta abin da ranta ke so. Ke ce kusa, shi ya sa na gaya miki. Ita ba a faɗa mata ba."

Da yammacin ranar da aka hana Matar Direba almakashi, wata mata ta yi sallama a gidanta da yadin kayan makaranta na 'ya'yanta. Ta ji labarin Matar Direba ta fara ɗinki, ɗinkinta kuma da tsabta. Matar Direba ta shafa yadin, ta ba ta haƙuri, ta kwatanta mata shagon telan bakin titi. Direba yana zaune a bakin ƙofar ɗaki, sandarsa a kan cinya, yana kallo har matar ta fita.

"Wata kuma kika kora?"

"Ban iya yanka ba, Baban yara. So kake in ɓata wa mutane kaya?"

"Telan da bai iya yanka ba ai direba ne da bai iya ribas ba. Ya iya gudu, amma sai wani ya fito masa da motar." Ya yi murmushi, murmushin bai daɗe ba. "Ki roƙe ta mana. Ba a fafe gora ranar tafiya."

"In ce mata me? Iya, yi sauri ki koya mini, domin mutuwa za ki yi?"

Ya sa hannu biyu ya gyara kwanciyar ƙafarsa, ya juya fuska wajen bango.

Duk da haka ta gwada. Washegari, bayan ta haɗa hannun wata ƙaramar riga ta goge ta, ta miƙa wa tsohuwar, sai ta yi magana da muryar wasa.

"Iya, me zai hana mu ɗan leƙa ƙullin ƙarshen can? Ba don komai ba, don dai idona ya saba. Sai mu dawo kan layi."

Mai Keke ta juya rigar ciki waje, ta bi ɗinkin da babban yatsa tun daga kafaɗa har hammata. Ba ta yi sauri ba.

"Wa ya ce miki ba zan kai ba?"

"Subhanallahi, Iya! Babu wanda..."

"Likita ne ya kafa mini ƙusoshin nan? Ko 'yata, uwar surutun can, ce ta tsaya da ke a bayan ƙofa? Kunnena bai tsufa ba." Ta ajiye rigar. "Ban taɓa tsallake ƙusa ba. Shekarar da na rasa mai gidan nan ma ban tsallake ba. In rai ya kai, za mu je. Ɗauko mini ruwa."

Matar Direba ta fita wajen randa, ta tsaya da kofi a hannu har ruwan ya daina motsi. Kunya ta kama ta, haushi kuma ya biyo baya, sannan ta ji kunyar haushin. Ta nemi gafarar Allah, ta koma ciki.

Daga nan jiki ya ci gaba da ja baya. Ƙafafun tsohuwar suka kumbura har ba ta iya taka keke, sannan zama ya gagara, aka mayar da katifarta ɗakin ɗinki domin ta ce ba ta iya barci inda babu warin man keke. Matar Direba ta daina zuwa a matsayin ɗaliba. Ita ce mai wanka, ita ce mai juya ta, ita ce mai roƙon a ƙara cokali ɗaya. Ƙulli na takwas ya sauko, aka kwance shi, aka mayar ba a taɓa ba. Na tara ko saukowa bai yi ba. Matan unguwa suka gaji da tambaya, suka koma wa telan bakin titi, babbar 'yar Direba kuma ta fara zama a gida saboda kayan makarantarta sun yi mata kaɗan.

Wata safiya, bayan an goge mata jiki an jingina ta da matasai, Mai Keke ta daɗe tana kallon bango.

"Sauko da shuɗin."

"Iya, ba watansa ba ne."

"Yau kuma ke ce mai tsari? Sauko da shi kafin in sake shawara."

Matar Direba ta shimfiɗa yadin a ƙasa kusa da katifa, ta ninka shi fuska da fuska yadda aka umarce ta. Ta ɗauko alli da tef ɗin awo.

"Ajiye wannan igiyar. Tsawo da faɗi kowane jaki ya iya aunawa. Hammata ita ce sana'a. Daga kafaɗa ki sauko yatsu huɗu, sai ki karkata."

Ta sa yatsunta huɗu, ta yi alama.

"Ba haka ba. Yatsunki kamar tsinken tsintsiya. Nawa nake nufi."

Tsohuwar ta miƙo hannu ta ɗora a kan yadin. Yatsun sun kumbura, huɗu sun cinye wurin shida. Ta dube su kamar na wata baƙuwa. A lokacin ne Matar Direba ta gane cewa awon da ta yi wata da watanni tana jira babu shi a lamba, babu shi a baki. A hannun nan yake, hannun kuma ya riga mai shi tafiya.

"Ki karkata kamar... kamar bakin cokali. A'a, kin yi zurfi. Ba haka ba, 'yar nan! Matso. Ba ni hannunki."

Matar Direba ta zura yatsu a almakashin, tsohuwar ta ɗora nata hannun a sama, mai zafi, mai nauyi. Suka fara tare. Ƙarfen ya shiga yadin da wannan sauti mai daɗi, ya miƙe, ya fara lanƙwasa, har Matar Direba ta soma jin inda ake son kai ta. Sai tari ya taso. Hannun ya fizga, almakashin ya zarce cikin ƙirjin rigar, ya tsaga ninki biyun gaba ɗaya.

Da ƙyar tarin ya lafa.

"Na ɓata yadi," in ji Mai Keke. "Tun ina budurwa rabona da ɓata yadi." Ta yi ƙoƙarin dariya. "An yi sa'a nawa ne, da yau mun sha zagi."

"Za mu sake, Iya. Akwai saura a gefe."

"Babu saura, kin fi ni gani." Ta mayar da kai kan matashi ta rufe ido. "Ki yafe mini, 'yar nan. Gani nake in ban taɓa ƙusar ƙarshen ba, dole ajali ya jira ni in kai. Na riƙe miki abincin 'ya'yanki a kan ƙusa saboda tsoro."

"Ba ki yi mini komai ba sai alheri. Allah ya yafe mana gaba ɗaya."

"Amin. Naɗe shi, kada ya sha ƙura."

Ba su sake maganar ɗinki ba. Mai Keke ta rasu da rana tsaka cikin makon, 'yarta na riƙe da kanta, Matar Direba na maimaita mata kalmar shahada a kunne. A waje mai gyaran takalma yana wucewa yana buga akwatinsa, yara suna dawowa daga makaranta.

Bayan mutane sun watse, 'yar ta kira mota aka ɗora keken, domin babbar jikar ta daɗe tana so. Ta kwashe ƙullin duka a buhu ɗaya. Da ta zo sallama, ta miƙa wa Matar Direba wata rigar marigayiyar, ruwan ƙasa, da ta sha wanki.

"Ga wannan, ƙanwata. Ita ta fi so. Ki riƙa tunawa da ita a addu'a."

Rigar ta kwana biyu a kan akwati. Rana ta uku, da yara suka fita wasa, Matar Direba ta ɗauko reza ta zauna a tsakar gida don ta ga yadda aka yanka rigar. Ta farke ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, ta cire hannuwa, ta raba gaba da baya, ta tsince guntayen zare, ta goge kowane yanki da dutsen guga, ta jera su a kan tabarma. Ga lanƙwasar hammatar nan a fili, mai kyau kamar an zana. Amma ta dama ba daidai take da ta hagu ba. Kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka, bayan kuma an ƙara masa faɗi daga sama, saboda doron da shekarun sunkuyo a kan keke suka yi wa mai rigar. Babu yankin da aka yanka domin wani jiki daban.

Direba ya jawo sandarsa ya matso, ya leƙa.

"To, zai yi?"

"Zai yi wa mai ita," in ji ta.

Ta ɗaga yankin gaba da hannu biyu ta tare rana da shi. Hasken yamma ya ratso ta ƙananan hudojin da allura ta bari a gefensa, a jere, babu wadda ta kauce.