Man Kitson Goggo

Na'inna ta san wannan jan idon. Da shi mijinta Zakariya ya dawo daga Mubi, shekarar da ya bi mafarauta korar 'yan Boko Haram. Ya dawo ba ya barci, ya kama wiwi, har ta kai shi ga hira da bango. Sai da aka kwantar da shi a asibiti a Yola. Ranar sallama likita ya ce in ya koma wa wiwi ciwon zai dawo, kuma ba lallai ya sake warkewa ba.

Ya daina, har ya samu aiki a shagon tayoyin Anayo a Jimeta. Yau kuma ga shi yana wa kofin shayi dariya.

Yana fita ta zari hijabi, sai bakin titin Dubeli, wurin Badamasi mai faci, tsohon abokin shansa.

"Kai ne ko? Ba za ka bar shi ba sai ya tuɓe wando a kasuwa?"

"Matarmu, ko gaisuwa babu?" in ji Badamasi. "Wallahi ni na tuba, ko sigari sai in an ba ni. Amma na gan shi ya haye gada zuwa Vinikilang, wurin masu sayar da wiwi. Ya ce Goggo ce ta aike shi."

Goggo ƙanwar mahaifin Zakariya ce, ita ta raine shi, a gidansu take zaune. Kitso take yi. Matan unguwa suna son man da take haɗawa, wai yana tsirar da gashin goshi. Na'inna ba ta taɓa haɗa ido da ita ba, don kunya.

Ta tarar da ita a tsakar gida tana narka man kaɗanya. Kusa da murhu ga busasshen ganye a faranti. Na'inna ta durƙusa ta shinshina. Da wannan warin ta yi shekara tana wanke rigunan mijinta.

"Goggo, mene ne wannan?"

"Sirrin man ke nan. Me kike zare min ido?"

"Wa yake sayo miki?"

"Wa ya san wurin in ba Zakariya ba? Ko ni zan je cikin 'yan iska da tsufana?"

Na'inna ta miƙe. Muryarta ta fito da ƙarfin da ita ma ba ta san tana da shi ba.

"Mutumin da aka ɗaure a gadon asibiti, shi kika mayar wurin masu sayarwa? Ba ke kika riƙe ƙafarsa ana masa allura ba?"

"Ke, yi hankali da bakinki. Sha ne haram, ni shafawa nake. Ko gwiwata da shi nake murzawa. Kuma na sa ya rantse ba zai taɓa ba."

"Ya rantse, sannan kika sa masa a aljihu."

"To ke kanki da me aka yi miki kitson sallah? Har kina cewa gashinki ya cika."

Na'inna ta cire ɗankwali ta fara tsefe kitson, tana fizga har gashi na biyo yatsunta. Ta ɗauki tukunyar man ta juye a kwata, ta bi da ganyen. Goggo tana ta zagi, rabi da Hausa rabi da Fillanci.

Ana cikin haka Zakariya ya yi sallama, ya dawo cin abincin rana. Ya dubi kwata, ya dubi kan matarsa.

Ta miƙa masa hannu. "Ba ni."

"Me?"

"Rabonka da kake cirewa daga na Goggo."

Ya sunkuya ya zaro ƙulli daga safarsa.

"Ƙarar harbin Mubi ce ta dawo min," ya ce a hankali. "Tun ranar da na fara zuwa wurin."

Goggo ta zauna a kan turmi.

"Kada ka cire takalmi," in ji Na'inna. "Asibiti za mu." Ta ɗaura ɗankwali a kan tsefaffen gashin, ta juyo. "Goggo, ɗauko mayafinki. Ke za ki faɗa wa likita wanda ya aike shi."