Masarar da Ta Ƙi Girma

Kwana sittin da uku ke nan da sace Abdulgafar a gonarsa ta bayan Yankara, amma kowace safiya sai hotonsa ya fito a Rumfa.

Rumfa wani dandali ne na cikin waya. Mutum ya saka hoto ko rubutu, jama'a su danna masa ƙuri'a, ƙuri'ar ta zama sulallan kirifto, kuɗin intanet, a asusunsa, mai dannawa ma ya samu ɗan kaso. Matasan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara sun buɗe nasu zauren a ciki, Zauren Manoma, kuma saboda masu satar hotunan gonakin wasu suka kafa doka ɗaya: duk mai saka hoto ya tsaya a ciki da kansa, riƙe da takarda mai sunansa da kwanan watan ranar, da rubutun hannunsa.

Mutanen daji sun kira matarsa Hamida sau ɗaya tak, suka faɗi kuɗin fansar da ko an sayar da gida da gona ba zai kai ba, daga nan ba su ƙara ɗaga waya ba. A rana ta huɗu hoton farko ya fito. Ga Abdulgafar a bakin wata gona da ba wanda ya sani, da shuɗiyar rigar da ya fita da ita, ya riƙe takarda a ƙirji. Rubutunsa ne, Hamida ta san yadda yake lanƙwasa wutsiyar bakwai. Kwanan watan kuma daidai.

Zaure ya ɗauka. Ƙuri'u suka yi ta zuba daga Sabuwa, daga 'Yargoje, har daga mutanen wasu ƙasashe da ba su san inda Faskari take ba. Kowa ya gane abin da ya faru: Abdulgafar ya nuna wa masu tsaronsa cewa wayarsa na haihuwar kuɗi, kuma ba ta haihuwa sai da fuskarsa da rubutunsa. Ya saya wa kansa rai da hoto. Saboda haka danna masa ƙuri'a ya zama kamar farilla. Mutum zai tashi da safe, ya danna, ya rubuta "Allah ya kuɓutar da shi", ya ajiye waya ya sha kokonsa da zuciya wasai, kamar ya je dajin ya dawo. Ba wanda ya taka zuwa ko'ina. An samu taimakon da ba ya sa ƙafa ta yi ƙura, aka rungume shi hannu biyu.

Mutum ɗaya ne ya ƙi, Jabiru, malamin firamare a Faskari. Kullum yana rubuta cewa kowace ƙuri'a harsashi ce ake saya wa mutanen da za su dawo su ɗauki wani. Aka yi masa ca, aka ce ba shi da imani. Nata'ala, shugaban zauren, mai shagon cajin waya a kasuwar Yankara, ya yi barazanar korarsa. Hamida kanta ta daina amsa gaisuwarsa. Ita abu ɗaya ta sani: muddin hoto na fitowa, mijinta na numfashi.

Ranar da 'yan unguwa suka yi gayyar karyar masarar Abdulgafar, Hamida ta kai musu fura. An fara da sassafe don a gama kafin azahar, mutum biyu suna kan tudu suna duban hanyar daji. Baba Ɗanlahadi, maƙwabcin gonarsu, shi ya riƙe gonar tun daga ranar da abin ya faru, ya yi mata noma na biyu da 'ya'yansa. Tsoho ne daga unguwar Maguzawa, ba ya karatu, ba ya riƙe waya. Ya zauna a gindin ɗorawa yana shan fura, ya ce, "'Yata, an ce kina ganin shi kullum cikin abin nan. Nuna mani in gan shi."

Ta durƙusa ta nuna masa na ranar. Ya daɗe yana kallo. Ya ce ta nuna masa na jiya. Ta nuna. Na makon jiya. Na farkon fari.

"Wanga na yaushe ne kika ce?"

"Na yau ne, Baba. Ga kwanan wata nan ya rubuta."

"Ni ban san rubutu ba." Ya sa ɗan yatsa a kan gilashin, can bayan kafaɗar Abdulgafar. "Amma wagga masara iya gwiwa take. Ta farkon ma iya gwiwa take. Wata biyu. Dubi tamu."

Hamida ta ɗaga kai. Karan masara sun bushe, sun fi mutum tsawo, ana ta jefa goyo cikin buhuna. Ta mayar da ido kan wayar. Ganye shar, ƙasa jiƙe da ruwan tsakiyar damina. Ta dinga ja da yatsa, hoto bayan hoto. A wani yana tsaye, a wani yana zaune, a wani an juya shi gefe, a wani an cire masa hula. Kwanakin suna tafiya, Yuli, Agusta, Satumba. Masarar tana nan inda take. Gemunsa bai ƙaru ba. Wani ɗan ƙurji da ke gefen leɓensa bai warke ba, bai kuma girma ba. Kwana sittin tana kallon fuskarsa da rubutunsa, ita da dubban mutane, ba wanda ya dubi bayansa, don dokarsu takarda ta ce a duba.

Rana ɗaya aka ɗauki hotunan duka. An zaunar da shi an ba shi biro, ya rubuta kwanakin da bai kai ba tukuna.

"Baba," ta ce, "in shina da rai, mi zai hana su ɗauki sabo?"

Tsohon ya ajiye ƙwaryar furar.

Washegari kasuwar Yankara ke ci. Ta sa hijabi ta tafi shagon Nata'ala, inda 'yan zauren kan haɗu. Sun kai goma sha biyu, wasu kan benci, wasu jingine da babura. Ta jera musu hotunan, ta faɗi abin da Baba Ɗanlahadi ya gani.

Nata'ala ya share wuya da hankici. "Matar yaya, ki yi haƙuri. Wataƙila can cikin daji shukar baya ce."

"Shukar baya ba ta girma?" in ji Jabiru daga bakin ƙofa. "Ko ita ma sace ta aka yi?"

"Kai dai Malam bakinka bai taɓa faɗin alheri ba."

"Kai kuma ka faɗa mata gaskiya. Tun da hotunan nan suka fara, zaurenka ya yi suna, kowa ya danna shina samun ɗan rabonshi. Shi ya sa ba ku son dubawa."

Wani ya miƙe zai cakumi Jabiru, aka riƙe shi. Sha'ibu, abokin Abdulgafar tun suna yara, ya yi magana yana kallon ƙasa. "To in shina da rai fa? In mun daina, suka ga ba shi da amfani?"

Wannan ita ce tambayar da ta hana Hamida cin abinci tun jiya. Akwai kuma wata da ba ta faɗa wa kowa ba. Ba ta san takardu nawa ya rubuta ba. Wataƙila saura goma, wataƙila ɗari. Kowace ɗaya fuskarsa ce da ba ta taɓa gani ba. In aka ci gaba da dannawa, za su ci gaba da sako mata shi kaɗan-kaɗan, kowace safiya, har ranar da suka ƙare.

"A rubuta masu," ta ce. "A ƙarƙashin hoton yau. A ce ba sauran ƙuri'a sai sun ɗauke shi hoto riƙe da busasshen goyon masara. In shina nan, abu ne na minti ɗaya."

"In kuma ba su ɗauka ba?" in ji Nata'ala.

"Sai mu sani."

Nata'ala ya rubuta da sunan zaure. Sha'ibu ya fassara wa baƙin ƙasashen waje.

Da safe hoto ya fito. Kwanan wata daidai, shuɗiyar riga, masara iya gwiwa. Ba ƙuri'a ko ɗaya a ƙarƙashinsa. Hamida ta zauna a bakin murhu da wayar a cinya, babban yatsanta na shawagi a kan wurin dannawa har kunun da ta ɗora ya kama. Ba ta danna ba.

Na biyu ya fito, shi ma haka. A na uku yana kallon gefe, bakinsa a ɗan buɗe, kamar wani ya kira shi daga wajen hoton.

Rana ta huɗu ta jira har hantsi ya dubi ludayi. Ta hau kan turmi inda sabis ya fi kamawa, ta sabunta shafin, ta sake sabuntawa. Babu komai. Ta sauko, ta wanke fuska, ta ɗaura zane mai duhu, ta nufi gidan surukarta a ƙafa, tana bin gefen hanya a hankali, tana neman kalmar da za ta fara da ita.