Bijimin da Ya Faɗi a Bakin Kwalta

Idan mutum ya hana mayunwaci nama don ya tsirar da ransa, daga baya kuma aka gano naman lafiyarsa ƙalau, wa za a tambaya ranar gobe, shi ko wanda ya aike shi? Ni dai ban sani ba. Na kai tambayar gaban malamai biyu, kowanne ya ba ni rabin amsa ya ce sauran sai Allah. Mumuni ma, wanda abin ya faɗa wa har sau biyu, bai sani ba.

Mumuni ma'aikacin gyaran hanya ne, shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki, yawancinsu tsakanin Agiye da Gazawa. Gado ne, idan wahala tana zama gado. Kakansa ya ɗauki jar ƙasa a ka zamanin Faransa, lokacin aikin dole, har gashin tsakiyar kansa ya ƙi sake tsirowa. Ubansa ya samu baro da shebur da hular ma'aikata, aka yanka masa kilomita goma aka ce nasa ne, ya cike ramukansu ya share rairayinsu. Shi Mumuni ya riski kwalta da motar aiki.

A takarda aikin cike rami ne da shafa wa duwatsun kilomita farin fenti. Amma hanya ba ta karanta takarda. Shekarar fara sun yini suna share fara da tsintsiya don motoci na zamewa a kanta kamar a kan kuɓewa. Sun taɓa korar zuma daga cikin kwalbati da hayaƙin kashin shanu. Sun taɓa yi wa wani mahaukaci wanka da sutura don ba a san danginsa ba, kuma a gefen hanyarsu ya cika. Sai kuma mushe. Tun zamanin Turawa doka take, duk dabbar da ta mutu a kan hanya ko taku goma daga gefenta, ta ma'aikatan hanya ce: a haƙa rami, a zuba mata gazuwal, wato man dizal, a ƙona, a barbaɗa lasho, farar hodar kashe cuta, a rufe. Jakuna nawa, karnuka nawa, Mumuni ya daina ƙirga.

Guda ɗaya ce ba ta binnu a ransa ba. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce an tura shi aiki yamma, wajen Gidan Sori, cikin shekarar yunwa. Wani raƙumi ya durƙushe a hanya, mai shi ya yi maza ya yanka shi kafin ya cika. Mutanen ƙauye suka taru da ƙore. Daga buro, wato ofishinsu, aka ce ana zaton cuta, a ƙona. Mumuni ya zuba gazuwal a gabansu. Ba wanda ya doke shi. Wata tsohuwa ce kawai ta zo ta kife ƙwaryarta a gaban ƙafarsa ta juya. Bayan kwana uku likitan dabbobi ya zo ya tona abin da wuta ta rage, ya ce ba cuta ba ce, ledoji raƙumin ya haɗiya suka toshe masa ciki. Tsohuwar ba ta kai kaka ba. Ko naman zai kai ta, ko ba zai kai ta ba, wannan ma Mumuni bai sani ba. Ya dai ɗauki Alƙur'ani a gaban matarsa ya rantse: mushe zai ƙona har ya mutu, amma abin da aka yanka da sunan Allah, hannunsa ba zai ƙara zuba masa mai ba.

Ranar da nake ba da labarinta Talata ce, da hantsi. Ruwa ya sauka sau biyu an yi shuka, sannan ya ɗauke kwana goma sha tara. Gero ya fito kamar allura ya tsaya. Rumbuna sun daɗe da zama ɗakin ɓera. Mumuni da Ɗantala, direban motar aikinsu, suna kan hanyar cike wani rami kusa da mararrabar Gangara sai suka hangi taro a Garin Yelwa, ƙauyen da 'yar Mumuni, Lantana, take aure.

"Ko dai surukanka sun ji kana tafe sun yi maka yanka?" in ji Ɗantala. "Mu sauka, kada a ce ka yi girman kai."

Yanka kuwa an yi. Wani jan bijimi ne kwance taku uku daga bakin kwalta, wuya a yanke, fuska gabas. Mai shi na tsugune a kansa, wani dattijon Bafillace da ake kira Jaye, wanda rugarsa take bayan garin. Tun da asuba bijimin ya fara rawar jiki, ya koro shi zai kai wa mahauta, ya faɗi a nan. Jaye ya riske shi da wuƙa yana sauran numfashi. Da mutane suka taru sai ya ce ya ba gari sadaka, Allah ya saukar da ruwa. Liman ya yi addu'a an shafa. Yanzu Audu mahauci ake jira ya gama wasa wuƙaƙensa.

Mumuni ya matsa ya duba. Jinin baƙi ne wuluk, kamar kwaltar da suke narkawa a ganga, kuma bai daskare ba duk da rana ta yi sama. Yana tsattsafowa ta hanci, yana tsattsafowa ta ƙarƙashin wutsiya. Cikin ya kumbura tim. Ya taɓa ganin irin wannan sau ɗaya, can baya, a wani ƙauyen Gangara. Ciwon saifa aka ce. Wanda ya feɗe ya fito da baƙin gyambo a hannu, gidan da aka ci hanta aka fitar da gawa uku cikin mako guda.

Amma raƙumin Gidan Sori ma cikinsa ya kumbura.

Ya koma bayan mota ya kira buro. Shugabansu ya saurara, ya ce, "Yana cikin taku goma?"

"Taku uku, Shef."

"To namu ne. Zuba masa gazuwal."

"An yanka shi, Shef. Da bismilla. Liman ya yi addu'a."

"Cuta ta san bismilla? Zuba masa."

"Ba zan zuba ba. A turo likita ya duba. In ya ce cuta ce, ya faɗa musu da bakinsa."

"Likita yana Maradi, sai jibi. Jandarma ma in na kira, kafin su zo an sha romo an side kwano. Mumuni, kana ji na?"

Mumuni ya kashe wayar. Ya dubi Ɗantala, ya dubi bidon gazuwal, jarkar da ke ɗaure a bayan mota.

"Kada ma ka kalle ni," in ji Ɗantala. "Ni tuƙi aka ɗauke ni. Ka ga idon mutanen nan? In na taɓa bidon nan, ni da motar za a haɗa a ramin."

Sai Mumuni ya je ya tsuguna kusa da Jaye, ya yi ƙasa da murya. "Baffa, tsakaninka da Allah, shi kaɗai ne?"

Jaye ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke. "Nagge biyu sun faɗi shekaranjiya," ya ce. "Ban riske su ba. Wannan na riske shi. Halal ne."

"Jininsu haka yake?"

Jaye ya ci gaba da zanensa.

"Tashi ka faɗa musu, Baffa. Kai za su ji."

"In faɗa, su hana ni rijiya? Shanu ashirin da ruwan wane gari zan shayar? Ni ban sayar ba, Malam. Kyauta na bayar. Allah ya ga zuciyata."

Kuma Mumuni ya yarda Allah ya ga zuciyarsa. Abin da ya fi ci masa rai ke nan: duk wurin babu mugu ko ɗaya da zai tsana.

Ya miƙe ya yi wa taro sallama. Ya faɗi abin da ya gani, jini da kumburi, ya faɗi gawa ukun Gangara. Ya roƙe su su jira likita zuwa jibi.

"Jibi?" in ji Audu mahauci, yana goga wuƙa a tafin hannu. "A wannan rana? Jibi ko ungulu sai ta toshe hanci. Baba Mumuni, shekara ashirin ina fiɗa. Sa ya sha rana ya yi gudu, jini ya yi baƙi, shi ne labari?"

"Ba shi ne na Gidan Sori ba?" wani ya ce daga baya. "Mai ƙona raƙumi!"

"Shi ne! Gwamnati ba ta kawo mana ko tiya ɗaya ba, wanda Allah ya kawo kuma ta aiko a ƙona."

Mumuni ya juya wajen liman. Liman ya ce shi abin da ya sani, an yanka da rai, an ambaci sunan Allah. In akwai cutarwa tabbatacciya to haram ne a ci. "Ka tabbata, Malam Mumuni?"

Mumuni ya juya yana duban taron.

A nan ya hango Lantana cikin mata, goyo a baya, ƙwarya a hannu. Watanta biyu da haihuwa. Mijinta ya tafi ci-rani tun kafin suna, bai aiko da komai ba tukuna. Wuyanta ya yi tsawo irin wanda bai san ta da shi ba. Ya ja ta gefe.

"Koma gida. Gobe zan aiko miki da gero."

"Haka ka ce wancan mako, Baba." Ba da faɗa ta faɗa ba. "Na san babu ne. Kwana goma sha biyu 'ya'yan anza na daji muke jiƙawa. Jikarka Farida ta daina kukan yunwa ma, kwanciya kawai take yi. Nonona ya janye, wannan na baya tsotsar iska yake."

"Naman nan zai iya kashe ku."

"Ka rantse cutar ce, in juya yanzu."

Ya dube ta. Da ya iya ƙarya da ya rantse, amma ita ta san shi, a gabansa ta girma, ta san rantsuwa ɗaya da ta hana shi barci shekara goma sha ɗaya.

"Ban sani ba, Lantana."

"To, Baba." Ta gyara goyonta ta koma cikin mata.

Ya tsaya shi kaɗai a kan kwalta, zafi na ratso takalminsa. Ya lissafa duk ƙofofin da suka rage. Ya ɗauke ta da ƙarfi a mota? Farida na gida, kuma kafin la'asar kowace maƙwabciya za ta aika da romo, haka garin yake. Ya kwanta a kan bijimin? Samari huɗu za su ɗauke shi kamar buhu, a yi dariya. Ya yi ƙarya da sunan likita? Sun ji shi da kunnensu yana cewa a jira likita. In ya bar su kuma naman lafiya lau ne, gari zai kwana da ƙoshi, yara su yi wasa a dandali, shi kuma ya tsira da rantsuwarsa. In ba lafiya ba ne, ran Juma'a za a fara haƙa, kuma ba ramin mushe ba. In ya zuba, ba zai taɓa sanin wanne ne ba, domin wanda aka tsirar ba ya zuwa ya nuna kansa. Ƙwarya kawai ake kifewa.

Audu ya durƙusa ya kama ƙafar baya, ya tsaga fata daga kofato zuwa gwiwa. Baƙin jini ya biyo wuƙar ya gangaro masa har gwiwar hannu. Ya share da gefen riga, ya ɗaga murya cikin raha.

"A ja baya, a ja baya, kowa zai samu! Amma hanta ta masu jego ce, haka muka gada. Ina Lantana? Matso da ƙwaryarki, 'yar Baba. Ke ce farko, ko tsohonki ya huce."

Mata suka yi dariya suka tura ta gaba. Ta durƙusa kusa da cikin bijimin, ta ajiye ƙwaryar, kan jaririn ya leƙo ta gefen kafaɗarta.

Mumuni bai san lokacin da ya isa bayan mota ba. Igiyar bidon ta ƙi kwancewa, ya sa haƙori. Ɗantala ya ce, "Rantsuwarka fa?" Mumuni ya fizge igiyar. Ya rungumo bidon a ƙirji kamar ɗan akuya, ya ratsa taron. Waɗanda suka gan shi sun ɗauka ruwan wanke nama ya kawo, har wani ya matsa masa.

"Tashi, Lantana," ya ce.

Ta ɗago ta ga murfin a hannunsa. Warin ya riga ya isa hancin Audu, ya yi tsalle baya yana salati. Mumuni ya fara daga wuya, inda aka yanka, inda aka ambaci sunan Allah. Ya bi ta kafaɗa, ya bi ta ciki, ya bi tsagar da wuƙa ta yi a ƙafa, yana tafe a hankali don kada wani wuri ya tsira. Wata mata ta ɗora hannu a ka ta fasa ihu. Hoge ya same shi a kafaɗa, wani ya same shi a kunne. Bai ɗaga kai ya duba abin da Lantana ta yi da ƙwaryarta ba. Ya ci gaba da zubawa, yana girgiza bidon, har ɗigon ƙarshe ya sauka.