Saniya Ɗaya, Suna Biyu

"Kai kac ce mini za ka adana ta!" in ji Zulaihatu, matar yayansa. "Ina muryar tasa?"

"Na kwafa," in ji Illo. Idonsa bai bar kwamfutar ba.

"To kunna in ji."

Ya buɗe jakar da ya kwafe komi a ciki a kwamfutar. Hotunan biki, wa'azi, waƙoƙi. Saƙonnin muryar yayansa Yero kam ko ɗaya babu.

Tun da damina ta sake ƙi, Yero ya kora sauran shanunsu ya haura Nijar neman ciyawa. Da fari yakan turo murya, daga baya layin ya mutu. Abin da ya rage mata ke nan a katin wayarta, shi ma katin ya fara gardama. Shi ya sa ta hawo babur daga Gangara zuwa shagon cajin da Illo ke tsaro a kasuwar Sabon Birni. Illo ya kwashe komi da ɗan shirin kwamfuta da ya rubuta da kansa, sannan ya wanke katin tas.

Yanzu ya koma bin shirin layi-layi. Jeri biyu ya yi niyya, na kwafa da na zubarwa. Sai ga layin da ya yi kuskure: a nan ya rubuta cewa jeri na biyu daidai yake da na farko. Ya zaci ya samu jeri biyu. Ashe suna biyu ya raɗa wa abu guda. Da ya zare muryoyin daga jerin zubarwa don ya tsirar da su, daga na kwafa ma sun fita.

Habbanaye ta faɗo masa a rai, saniyar da kawunsu na Kamarawa ya ba Yero aro. Can ana cewa ta kawu, nan ana cewa ta Yero. Ranar da ta kwanta don yunwa, gida biyu suka yi kuka.

"Mi ka gani?" in ji Zulaihatu.

"Kalma guda ta rage in rubuta."

"Rubuta ta mana, malamin inji."

Ya rubuta. Shirin ya gudu lafiya lau, a kan kati wanda ba komi cikinsa.

Ta zauna bakin benci, ta juya wayar a tafin hannunta. Iska mai zafi ta kaɗa buhun da ke ƙofa.

"Kowace safiya sai na ji shi yana tambayar ko an yi ruwa," ta ce a hankali. "Illo, da sunana yake farawa, ko da sallama?"