Gwaggon Direba

Direba ya taka birki a shingen 'yan tawaye da hannu ɗaya a kan sitiyari, don 'yarsa ta kama ɗayan tana neman kai yatsansa baki. Yau ya fara ganinta. Matarsa na da tsohon ciki ta tsallaka kogi gaida yayarta, sai faɗa ya ɓarke, 'yan tawaye suka kama wancan ɓangaren, sojoji suka rufe gada, can ta haihu. Da aka tsagaita wuta, motarsa ce ta fara tsallakawa. Ga shi yana komowa, mota cike da fasinja, iyalinsa a gidan gaba.

"Ka rame," in ji matar.

"Girkin ƙanena nake ci. Ki gode Allah da kika same ni da rai."

Tana cikin dariya wani dogon ɗan tawaye ya leƙo ta taga, bindiga a kafaɗa. Bai tambayi takardu ba. Ya nuna wata tsohuwa zaune a kan benci, ƙafarta ta kumbura an ɗaure da tsumma.

"Mahaifiyata ce," ya ce da murya ƙasa-ƙasa. "Asibitinmu ba likita. Ni kuwa in na taka gadar nan, ka san sauran. Don Allah, malam."

Direba ya hango gadar. Sojoji ba sa wasa da dangin 'yan tawaye, ana iya ƙwace motar, a tsare shi ma. Kuma rabin fasinjan sun ji. Bai gama tunani ba matarsa ta matsa, ta ɗora yarinyar a cinya.

"Shigo, Baba, ga wuri."

Dogon ya ɗauko uwarsa cak, ya zaunar da ita, ya gyara mata mayafi, ya juya da sauri.

A ƙarshen gadar wani soja ya sa aka buɗe ƙofa, ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya a kan tsohuwar.

"Wannan fa?"

"Gwaggona ce, ranka ya daɗe. Asibiti zan kai ta."

Sojan ya waiwaya ga fasinja. Sai wani mai sayar da takalma ya yi gyaran murya daga kujerar baya.

"Wa bai san gwaggon Direba ba? Faɗa gare ta, ka bi a hankali."

"Dole in yi faɗa!" tsohuwar ta ɗauka. "Yaron nan tun yana ƙarami ba ya jin magana. Duk ramin da ke hanyar nan sai da ya jefa ƙafata a ciki. Soja, ɗana, ka ja masa kunne."

Sojan ya yi murmushi, ya buga jikin motar. "Ka ji dai. Wuce."

Sai da shingen ya ɓace a madubi Direba ya saki numfashi. Tsohuwar tana share ido da gefen mayafi. Matarsa ta zungure shi da gwiwar hannu.

"Duk zamanmu, ba ka taɓa kai ni na gaida Gwaggo ba."

"Ga ki ga ta."

Da suka iso mararraba, hanyar tasha tana dama. Ya karya hagu, ya nufi asibiti. Fasinja ko ɗaya bai ce an wuce da shi ba.