Ƙafafun Matar Bi-Layi

A tasha Bi-Layi ake ce masa, don tunda ya fara tuƙin bas bai taɓa yin lodi kafin layinsa ya zo ba. Ko fasinja sun cika masa mota sai ya sauke su. Ya tsani a ce ya yi azarɓaɓi, kuma wallahi wannan halin ne ya ci su.

Matarsa tela ce, da keken ƙafa take ɗinki. Bara aka yanke mata nono, suka ɗauka an rabu da cutar kansa ke nan, ashe ta sulale ta sauka a ƙashin bayanta. Likita bai ɓoye musu ba, warkewa kam babu, amma da ƙwayoyi da allura za a riƙe ciwon ta ci gaba da harkokinta. Ita abu ɗaya ta roƙi Allah, kada ta zama ta kwance, a ɗauka a ajiye kamar buhu. Likita ya ce in ta ji wani sabon abu su dawo. Bi-Layi ya gyaɗa kai, amma abin da ya riƙe shi ne ranar da aka ba su a wata mai zuwa.

Wata safiya ta ce ƙafafunta sun yi nauyi, har takalmi ya zame mata a bakin ƙofa ba ta sani ba. Ya mulke mata su da man zafi. Ta ce ko dai su je? Ya ce haba, asibitin nan cike yake da waɗanda suka fi ta jin jiki, kowa da ranarsa, ba za su je su tsallake bayin Allah a ce ba su da haƙuri ba. Ƙanwarta ta zo ta yi ta masifa, ya ce dama ita bakinta ba ya shiru. Ita kuwa matar tasa ta bi bayan mijinta. Da keke ya gagare ta takawa, sai ta riƙa juya shi da hannu tana cewa hutu take ba ƙafar.

Ranar da ta miƙe za ta banɗaki ta zube, zaninta ya jiƙe ba ta ji fitowar fitsarin ba, ranar ce idonsa ya raina fata. Ya sungume ta ya sa a bas, ya yi asibiti. Ya ratsa masu jira yana ture kafaɗu, yana roƙo, ana zaginsa ba ya ji.

Aka ɗauki hoto. Likita ya ce ciwon ne ya danne lakar bayanta, za a haska wurin da na'ura yau ɗin nan. Sai ya tambayi yaushe nauyin ƙafar ya fara. Da ya ji amsar sai ya ce wanda ya zo da ƙafarsa yakan koma da ita, wanda aka ɗauko kuwa sai abin da Allah ya yi.

Bi-Layi ya durƙusa ya riƙe masa bakin riga. "Likita, ka taimake ni. Ni na hana ta zuwa. Ta ce mu zo, ni na hana."

"Tashi, Baban yara," in ji ta daga kan gado. "Ana kallonka."

Likita ya yaye mayafin, ya ɗauko allura, ya ce ta rufe ido, in ta ji tsini a yatsan ƙafarta ta faɗa. Bi-Layi ya ƙura wa hannun likitan ido.

"Na ji," ta ce da sauri. "Baban yara, ka gani ko? Na ji."

Allurar na nan a hannun likita, bai ma kai ta kusa da ƙafar ba.